Dusar ƙanƙara ta hana ni fita, an yanke mini albashi

Barista, barka da aiki. Ina zaune a gefen garin Manchesta a Ingila, ina aikin lissafi a wani kamfani. A watan Janairu mun wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe unguwarmu, bas ba ta fito ba, an kuma rufe makarantar ɗana. Tun bakwai na safe na tura wa manaja saƙo cewa zan yi aiki daga gida, tunda kwamfutar ofis tana hannuna. Ya ce wasu sun iso, ni ma in taho. Ban je ba, amma na yi aikin har la'asar. Ƙarshen wata sai na ga an cire kuɗin yini guda, ga kuma takardar gargaɗi. Su suka ɗauki nauyin bizata, shi ya sa na yi shiru. Ina da hakki?

Malama, bari in fara da mai ɗacin. A dokar Ingila, zuwa wurin aiki nauyin ma'aikaci ne. Idan ofis a buɗe yake, ke ce ba ki iso ba, doka ba ta tilasta musu biyan ki ba, sai in takardar ɗaukar aikinki ko tsarin kamfani kan mummunan yanayi ya ce a biya. Haka kuma babu dokar da ta ba ki ikon mayar da falonki ofis don kanki. Da su ne suka rufe, ke kuwa a shirye kike, da galibi sai sun biya.

Amma ke ba kwanciya kika yi ba. Nan ne ƙarfinki yake. Kin yi aiki har la'asar; idan sun karɓa, sun yi amfani da shi, to da wuya su ce ba a yi musu komai ba. Sashe na 13 na Dokar Haƙƙin Ma'aikata ta 1996 ya hana a taɓa albashi sai da izinin doka, ko sharaɗin da ke cikin yarjejeniya, ko amincewarki a rubuce tun kafin a cire. Za su ce manaja bai yarda ba. Gaskiya ne, kuma wannan rauni ne a maganarki. Shi ya sa nake so ki duba: an taɓa barin ki, ko abokan aikinki, ku yi aiki daga gida? In ba a saba ba, me kwamfutar ofis take yi a gidanki?

Takardar gargaɗin ta fi damuna fiye da kuɗin, domin ita ce ke zama a fayil, a yi tsani da ita gobe. Sashe na 57A na wannan dokar ya ba ki damar ɗaukar ɗan lokaci idan tsarin kula da yaro ya rushe ba zato, kuma rufe makaranta da sassafe ya shiga ciki. Ba dole a biya wannan lokacin ba, amma haramun ne a hukunta ki a kansa, muddin kin sanar da wuri. Kin ambaci makarantar a saƙon nan na ƙarfe bakwai? In kin ambata, kin yi wa kanki gata.

Akwai kuma sashe na 44, mai kare wanda ya ƙi jefa kansa cikin babban haɗari na nan take. A 2014 wasu gandirobobin kurkukun Dartmoor da suka ƙi bin hanyar da ƙanƙara ta sa aka rufe sun yi nasara a ɗaukaka ƙara, aka ce a sake sauraron shari'arsu. Sai dai ban so ki jingina da shi sosai. Rashin bas daban, haɗarin rai daban, sai fa in hukumar yanayi ta Met Office ta fitar da jan gargaɗi, wato mafi tsanani, a ranar, ko 'yan sanda sun ce kowa ya zauna gida.

Batun biza, kwantar da hankalinki. Fashin da ake wajabta wa kamfanin da ya ɗauki nauyin biza ya kai rahotonsa ga hukumar shige da fice shi ne fashin fiye da kwana 10 na aiki a jere ba izini. Yini guda bai kai nan ba.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton saƙonnin, da sanarwar makaranta, da ta kamfanin bas, da imel ɗin da kika tura ranar, da takardar albashi. Ki rubuta ƙorafi cikin ladabi, ki nemi a janye gargaɗin, a mayar da kuɗin, ko a lissafa ranar cikin hutunki na shekara in kina son sulhu. Idan kina cikin ƙungiyar ƙwadago, ki tafi zaman sauraron ƙorafin da wakilinku.

In sun yi kunnen uwar shegu, sai hukumar sasanci ta Acas. Kyauta ce, kuma dole a bi ta kanta kafin kotun ma'aikata. Ki tuntuɓe su kafin wata uku su cika daga ranar da aka biya albashin da aka yanke, ko da kamfani bai amsa ƙorafinki ba tukuna.