Ruwan Dutse Garau Yake, Me Ya Sa Sai An Gwada Shi?

Ka ce, "Maigida, ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga dutse garau, ga sanyi, me zai kai mu ɗakin gwaji?" Saurara, yaro. Ido ba ya ganin abin da ya narke.

Ruwan sama kan kwashi iskar kabon tun a sama, ya ƙara a cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Daga nan dutsen da ya ratsa ne ke da ta cewa. In giranit ne, kaɗan yake narkarwa, sau da yawa pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙaramin adadi, tsami mai yawa), ya gaza 6.5, ya riƙa cin bututun ƙarfe. Na roba za ka shimfiɗa. In dutsen farar ƙasa ne, zai ɗebo kalsiyam da maganiziyam: sabulu ya ƙi kumfa, farin ɓawo ya kama gindin buta. Wannan ba cuta ba ce, wahala ce kawai. Haɗarin farar ƙasa shi ne ruwa na cin ta har ya buɗe manyan tsaga, ya bi da gudu ba abin da ya tace shi.

Don haka ka je idon ruwan washegarin ruwan sama mai ƙarfi. In ya yi duhu, ko yawansa ya ninka dare ɗaya, ko sanyinsa ya sauya, to ruwan bisa ƙasa na kutsawa, da kashin dabbobi da duk abin da ya kwaso. Mai fitowa daga zurfi, rani da damina sanyinsa kusan ɗaya ne.

A bakin idon ake auna pH, domin iskar na fita daga kwalba adadin zai haura. Na gwajin ƙwayoyin cuta kuwa, kwalbar ɗakin gwaji za ka karɓo, kada yatsa ya taɓa bakinta, ka sa a ƙanƙara, ya isa cikin awa 6.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: ba E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. A kowace lita fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5, asenik 0.01. Waɗannan sinadarai biyun, masu cutarwa in sun yi yawa, ba launi ba ɗanɗano, tafasawa ma ba ta fitar da su, sai dai ta ƙara musu ƙarfi. A yankin duwatsu masu aman wuta musamman, dubi haƙoran yaran da suka tashi da ruwan. In sun yi dabbare-dabbare, zargi fuloraid.

Ko sakamako ya yi kyau, haƙa lambatu a saman idon ya kauda ruwan gangara, ka killace wurin, masai kuma ya koma ƙasa da shi, aƙalla mita 30.