Yadda ikilisiya za ta yi azumi tare

Ɗan'uwa, kana tambayar yadda ikilisiyarku za ta ɗauki azumi tare ba tare da ya koma tilas ko gasa ba. Ku fara da dalili. A Ayyukan Manzanni 13, ana cikin azumi da sujada a Antakiya aka keɓe Barnaba da Shawulu. Fasto da dattawa su faɗi abin da ake roƙo, su sa lokaci, a taru a yi addu'a kafin a buɗe baki. Abincin da ba a ci ba a kai wa masu yunwa, haka Ishaya 58 ya koyar. Kada a riƙa leƙen wa ya ci, wannan yana ɓata zumunci. Masu ciwon suga da masu juna biyu su fara ganin likita.