Aikin amsa waya, akwai gaba a cikinsa kuwa?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekara 2 ke nan ina amsa kiran kwastomomi, kuma ba kamfanin wayar ne ma ya ɗauke mu ba, wani suka ba kwangila, kullum iyafis a kunne awa 8, mutum ya zage ki tas saboda datarsa ta ƙare ke kuma sai haƙuri kike ba shi. Wlh ji nake digirina na ruɓewa. In ajiye?

Amsa: Ƙanwata kar ki saki reshe tukuna. Aikin nan ne ke ciyar da gidaje da yawa a Manila ta ƙasar Filifin da Bangalore ta Indiya, inda matasa ke kwana ido biyu don lokacin gari ya waye a Amurka, haka Maroko da Senegal ke amsa wa kamfanonin Faransa. Na san da ciwo, musamman kwangilar nan da ba ta da tabbas, amma ki duba abin da hannunki ya iya, kina sauraron mai faɗa kina buga bayaninsa a kwamfuta lokaci guda, ki juya Hausa ki juya Turanci har ya sauko, ba kowa ke iya wannan ba.

Abin da ke damuna shi ne tambayoyi masu sauƙi irin duba balas na'ura ta fara karɓe su. Don haka ki koyi Excel, manhajar lissafi da tsara bayanai a kwamfuta, sosai, ki roƙi ogarki ta sa ki cikin masu sauraron kiran da aka naɗa suna auna inganci, ko masu horar da sababbi. Daga nan ki fara tura takardunki bankuna.