A Tawa aikin maza, a Liyon aikin mata

Auta, saƙonki na murya sau uku na saurare shi a cikin jirgin ƙasa, ina komawa gida. Kin ce kin gama lisansi a Jami'ar Djibo Hamani, kina son yin mastar a fannin kula da ma'aikata, wanda kuke ce wa RH, ki zo nan in hali ya yi. Sai Kawu ya ce kujerar maza ce, wai mace ba ta iya duban magidanci ta ce masa aikinsa ya ƙare. Kika ce in faɗa miki gaskiya, ko ki koma lissafin kuɗi tun da sauran lokaci.

Wallahi dariya na yi ni kaɗai, har wata tsohuwa ta juyo tana kallona. Ajin da na zauna a nan Liyon, mazan ciki ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A bironmu yanzu mu shida ne, namiji guda, shi ma abokansa tsokanarsa suke yi wai ya faɗa aikin mata. Aiki ɗaya ne fa, a Tawa na maza, a nan na mata. Kawu bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa: shugaban ma'aikata na zamaninsu, mai katon rajista da tsawa, wanda in ya yi gyaran murya masinja ke miƙewa. Su ma na nan da ke cewa mata sun fi dacewa saboda taushin zuciya, ba su san aikin ba.

Ga yadda sallamar take, tunda ita ce ta tsaya wa Kawu a rai. A Faransa sai an aika wa ma'aikaci takardar gayyata, a ba shi aƙalla kwana 5 na aiki kafin a zauna da shi, yana da damar zuwa da mai rakiya, kuma takardar kora ba ta fita sai bayan kwana 2 da zaman. Na farko da na yi, wani direban injin ɗaga kaya ne, ƙato, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na kwana ina tsoron zai yi mini ihu. Da na karanta masa ranakun da bai zo ba, ɗaya bayan ɗaya, sai ya sa hularsa a fuska ya fashe da kuka. Abokin aikina namijin nan shi ya tashi ya kawo masa ruwa, ya dafa kafaɗarsa. Ni kuwa ina riƙe da takardu, ina jira ya natsu mu ci gaba, don in na tsallake mataki guda kotun ƙwadago za ta ci kamfanin tara. To ranar nan wa ya yi aikin mace, wa ya yi na namiji?

Kuma sallama ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ba. Yawancinsa lissafi ne da takarda: kwantira, hutu, rashin lafiya, albashi. Mako a nan awa 35 ne, awa takwas na farko da suka haura ana ƙara musu kashi 25 cikin ɗari, na gaba kashi 50, sai in yarjejeniyar wurin ta tsara wani abu daban. Na taɓa rikita wannan ga mutum goma sha ɗaya a wata guda. Babu wanda ya tambayi ko ni mace ce, kuɗinsu suka tambaya.

Abin da ya fi wuya shi ne riƙe baki. Za ki san albashin kowa, ki san wanda kotu ke cire wa kuɗin ciyar da yara, ki san mai ciki tun kafin uwar mijinta ta sani. Wani ɗan Afirka ya taɓa tare ni a wurin shan kofi, yana "'yar uwa, 'yar uwa", wai in ɗan raɗa masa nawa ake biyan wane. A gida abin zai fi haka tsanani. Ranar da kika hau kujerar nan a Yamai, duk dangin Adar za su tuna da ke, kowa da dosiyen ɗansa a hammata, kuma kada ki yi mamaki in Kawun ne a sahun gaba. Wanda ba ya iya cewa a'a cikin ladabi, ko gemunsa ya kai cibiya, ba zai yi shekara ba.

Ban ce miki zama mace ba ya shiga lissafi ba. Yana shiga, ta wajen yadda ake karɓarki. Dattijon da ya yi shekara ashirin a wurin aiki ba zai ji daɗin takardar gargaɗi daga hannun wadda yake kira "yarinya" ba, balle marar aure. A nan ma, mata sun cika ƙananan kujeru da na tsakiya, amma in na shiga taron manyan daraktoci sai in ga kwat da wuyan riga sun yi yawa. Sai maganar hijabi: a jami'a ba mai hana ki, a aikin gwamnati an hana, kamfani mai zaman kansa kuma tun 2016 doka ta ba shi damar rubuta sharaɗin rashin nuna alamar addini a dokokinsa na cikin gida. Ki san wannan tun kina Tawa.

Abin da na fi so ki auna ma ba shi kika tambaya ba. Wannan sana'a da dokar ƙasa take tafiya. Ni na haddace ta Faransa, in na dawo gida sai na sake zama ɗaliba: mako awa 40, hutun haihuwa mako 14 a maimakon 16 na nan, mafi ƙarancin albashi jika 42 tun farkon 2024, ga CNSS, asusun inshora da fanshon ma'aikata, ga ANPE, hukumar samar da ayyukan yi, ga sufetocin aiki da 'yan sandika, wato ƙungiyoyin ƙwadago, kowa da yadda ake bi da shi. In a Nijar kike son yin aiki, dokar ƙwadago ta 2012 ce littafinki, kuma ita da kanta ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda jinsinsa. Ga shi hanyar zuwa nan ta yi tsauri tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Ki leƙa ANAB, hukumar bursu ta Nijar, ki ji abin da ke akwai na bursu wajen Maroko, ki kuma duba makarantar CESAG ta Dakar, mai koyar da gudanarwa.

Kafin nan ki nemi sitaj ko na wata uku ne, a asibiti ko wata ƙungiya, inda za a ba ki takardun albashi ki lissafa da hannunki. Kawu kuma kada ki yi musu da shi, ki bar mini shi, zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko. Ki ɗauko mini hoton sakamakonki na shekara ukun, ki gaishe da Inna, ki ce mata kilishin ya iso amma yaji ya yi kaɗan.