Tambayi Likita: Tramol, Zakami da Abin da Ƙwaya ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako sun taru a kan ƙwaya da ƙwaƙwalwa, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum na sakaya sunaye. Kuma ina tunatar da ku, amsar da ke shafin nan ba za ta ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba.

Tambaya: Likita, ni tela ne. Duk ranar da ban ci goro ba, kaina ya dinga sarawa ke nan. Wata cuta ce?

Amsa: Sabo ne kawai, Malam. Tun da safe wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo gajiya da gyangyaɗi. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yakan zauna a gurbinsa ya hana shi aiki. Ranar da babu goro sai adenosin ya samu fili, jijiyoyin jinin kai su buɗe, kai ya ɗau sara. Ka rage sannu a hankali, ɓari ɗaya maimakon guda, kuma kada ka ci bayan la'asar. Cikin 'yan kwanaki zai lafa. Amma in ciwon kan na zuwa da amai ko dishi-dishin gani, ba na goro ba ne, je a auna jininka.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 22, yana tuƙa adaidaita sahu. Na tsinci fakitin tramol a aljihunsa, an rubuta 225 a jiki. Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Muka ɗura masa manja har ya farfaɗo. Kawunnansa sun ce aljanu ne suka shige shi, wasu sun ce a kai shi gidan mari a ɗaure har ƙwayar ta fita daga jininsa. Ya rantse mini sau uku zai daina, bai daina ba. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri. Saƙonki shi ya fi tsaya mini a rai, don haka zan ɗan tsawaita.

Zan fara da manjan, domin shi ne zai iya kashe shi kafin ƙwayar. Don girman Allah kada a sake ɗura wa mai jijjiga komai. Ba manja, ba madara, ba ruwan rubutu, ba cokali tsakanin haƙora. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake gangarawa. Na taɓa karɓar wani saurayi da tsakar dare, rigarsa jajir da manja, mahaifinsa riƙe da kwalbar yana ce mini sun yi iya ƙoƙarinsu. Jijjigar ta daɗe da tsayawa, amma da na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa sai na ji huhun na ƙurƙur kamar ana busa cikin ruwa. Kwanaki muka yi muna fama da ciwon huhun da manjan ya jawo. Har yau abin na ba ni takaici, domin ƙauna ce ta sa suka yi, kuma ita ta kusa kai shi kabari. Abin yi kaɗan ne: a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a sa tsumma mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, a duba agogo. In jijjigar ta kai minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, sai asibiti nan take. Ko ta tsaya da kanta ma, a kai shi a duba shi.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin kansa. Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Saƙo yana gudu cikin kowace ɗaya kamar wutar lantarki, amma ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan rata a tsakani wanda ido ba ya gani. Da saƙo ya iso bakin wannan rata, sai ya zama kamar matafiyin da ya tarar da kogi, dole ya nemi jirgin fito. Jiragen fiton su ne wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa. Ƙwayar jijiyar farko ta sako su, su haye, su shiga gurbinsu a jikin ta biyu kamar makulli cikin kwaɗo. Da sun isar da saƙo sai a kwashe su a mayar, a jira na gaba. Kowanne da aikinsa. Gulutamet shi ne totur, GABA shi ne birki. Dofamin ke ce wa mutum abin nan ya yi daɗi, a sake. Serotonin na da hannu a kwanciyar rai da barci da cin abinci. Endofin kuma shi ne maganin ciwon da Allah ya halitta mana a jiki, shi ya sa manomi zai sare ƙafa da fartanya bai ji zafin sosai ba sai ya koma gida.

Duk wata ƙwaya mai juya tunani, a bakin wannan kogi take aikinta. Tramol aiki biyu yake yi. Na farko, makullin jabu ne da ke buɗe kwaɗon endofin, sai ciwon jiki ya ɗauke, dofamin ya kwararo. Na biyu, yana hana a kwashe serotonin da wani ɗan'uwansa noradirenalin bayan sun gama aiki, sai su yi ta buga ƙofa. Shi ya sa ɗanki zai wuni kan hanya tun asuba bai ji gajiya ba. Gajiyar tana nan, labarinta ne ba ya isa ƙwaƙwalwa. In ƙwayar ta yi yawa, sai totur ya rinjayi birki, ɗimbin ƙwayoyin jijiya su kama wuta lokaci guda. Jijjigar da kika gani a tsakar gidanki ke nan. A asibiti mai miligiram 50 ko 100 muke bayarwa, kuma ba ma wuce 400 a yini ko ga babban mutum. Mai 225 ɗin nan ba a yarda da shi a Najeriya ba, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, guda biyu kawai sun tsallake iyakar yini.

Sai maganar rantsuwar da ya yi sau uku. Ni na yarda har zuciyarsa ya rantse. Wanda gidansa ke jikin injin niƙa, da farko ƙarar ke hana shi barci, daga baya ya daina jin ta. Haka ƙwaƙwalwa take. In aka yi ta yi mata ambaliyar saƙo, sai ta rage amsawa, ta rufe wasu ƙofofin. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Abincinki da hira da abokai da ɗan cinikin da ya samu, duk su daina yi masa daɗi, domin dofamin ɗinsu bai kai ya buɗe ƙofofin da suka rage ba. Ranar da ya ce ya bari kuwa, kafin kwana ya zagayo hamma ta fara, hawaye da majina, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ga fargaba da rashin barci. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Mafi tsananin wannan hali yakan ɗauki kamar mako guda, amma kwaɗayin kan daɗe watanni yana kai kawo, musamman in ya koma tashar da ya saba saye.

To ki gaya mini, Hajiya, wace sarƙa ce za ta buɗe ƙofar da ta rufe a cikin ƙwaƙwalwa? Ƙwayar kanta ba ta wuce 'yan kwanaki a jini. Abin da ta bari a baya shi ne ciwon, kuma mari ba ya taɓa shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a shekarar 2019, ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Akwai kuma haɗarin da iyaye ba su sani ba. Wanda aka tsare wata uku, jikinsa ya manta sabon da ya yi. Ranar da ya fito ya haɗiyi adadin da ya saba sha a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi, domin a gindin ƙwaƙwalwa, inda ke sarrafa numfashi, akwai irin waɗannan kwaɗuna. In kin taɓa ganin ya yi barcin da ba ya tasuwa, yana minshari mai nauyi, numfashi jefi-jefi, leɓe ya yi duhu, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, kada ki ce a bari ya huce. A ɗauke shi sai asibiti. Akwai allura mai suna nalokson da ke tumɓuke makullin jabun cikin mintuna.

Ki yi masa addu'a, a yi masa ruƙiyya in kuna so, ba mai hana ku. Amma a haɗa da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne. Za a janye masa ƙwayar daki-daki, a ba shi abin da zai rage raɗaɗin barinta, a bincika ko akwai farfaɗiya ko damuwa a ƙarƙashi, a zauna da shi a yi magana. In ya zame ya koma, a sake mayar da shi, haka ciwon yake. Kuma kada ya hau adaidaita sai likita ya yarda, domin in jijjiga ta kama shi a kan titi ba ransa kaɗai ke ciki ba. Ba ke kaɗai ba ce a wannan jarabawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suke sha. Ki kai shi cikin makon nan, kada ki jira faɗuwa ta biyu.

Tambaya: Tun da gwamnati ta hana kodin, ashe ba shi da amfani ke nan?

Amsa: Maganin tari na ruwa mai kodin aka hana a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC kan yadda matasa ke shan sa. Yana da amfani a hannun likita. Amma danginsu ɗaya da tramol, hanta ke mayar da shi mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi, kuma kwaɗo ɗaya suke buɗewa.

Tambaya: Likita, ina da asma. Wani mai magani a kasuwa ya ce in busar da furen zakami in riƙa shaƙar hayaƙinsa.

Amsa: Kada ki kuskura, 'yar'uwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsa, shi ya sa mutane ke faɗawa. Akwai sinadari mai suna asetilkolin, shi aka fara ganowa cikin masu kai saƙon nan. A 1921 wani masani a Ostiriya, Otto Loewi, ya taɓa jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage gudu. Wannan sinadarin ke sassauta bugun zuciya, ya kawo yawu da zufa, ya saki fitsari, ya tsuke hanyar iska, kuma tunani na dogara da shi. Zakami toshe shi yake yi. Hanyar iska za ta ɗan buɗe, haka ne, amma tare da ita baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba zufa, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita, mutum ya dinga kama abin da babu a iska yana magana da waɗanda ba sa nan. Gubar da ke cikin wannan fure ba ɗaya take da ta wancan ba, mai maganin kansa bai san nawa ya ba ki ba. Akwai maganin shaƙa na asibiti da ke wannan aikin a huhu, da awo. Ki je a rubuta miki. In numfashi ya sarƙe har ba kya iya ƙarasa magana, asibiti kai tsaye.

Tambaya: An ba ni maganin damuwa, kwana goma ke nan ban ga canji ba. In bari?

Amsa: A'a, ka ci gaba. Maganin na ɗaga serotonin tun ranar farko, amma ƙwaƙwalwa na buƙatar mako 2 zuwa 6 kafin ta daidaita. Kada ka haɗa shi da tramol, serotonin zai yi yawa har ya zama guba. In kuma tunanin kashe kai ya zo maka, faɗa wa wani na kusa, ka koma wurin likitanka yau ɗin nan.

Tambaya: Mahaifiyata shekara biyu ke nan ba ta barci sai ta sha baliyam da muke saya mata a kemis. Mun yanke shawarar ɓoye shi.

Amsa: Kada ku ɓoye, kuma kada ku ci gaba da saye da ka. Baliyam ƙara wa birkin GABA ƙarfi yake, kuma a shekara biyu ƙwaƙwalwar Mama ta jingina da shi. In kuka zare lokaci guda, birki ya tsinke: rawar jiki, ruɗewa, har jijjiga mai kisa. Maganin mako biyu zuwa huɗu ne, ban san yadda mai kemis zai iya miƙa shi shekara biyu ba takarda ya kuma yi barci ba. Ga tsofaffi yana kawo mantuwa da faɗuwa a banɗaki, ƙugu ya karye. Ku kai ta asibiti da fakitin a hannu, a tsara yadda za a rage shi cikin makonni ko watanni, a kuma binciki abin da ya hana ta barcin tun farko.