Tattabarar da ta sauka a gidanka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya same ni tun Talata, na jinkirta ne don tambayar ba ta amsa a tsaitsaye ba ce. Ka ce wata tattabara mai ruwan toka, da zobe a ƙafa, ta biyo garkenka ta sauka a gidanka na Tudun Wada, yau kwana uku tana ci tana sha da naka. Abokanka sun ce a al'adar masu kiwo duk wadda ta shigo ta zama taka, ka fige mata fiffike ta zauna. Ka ce kuma mahaifiyarka ba ta son kiwon nan sam, don ta ji ana cewa ba aikin mutumin kirki ba ne. Sannan kana so ka koya wa naka dawowa daga nesa, irin waɗanda kake gani a waya.

Tattabarar nan ba taka ba ce. Wannan magana da abokanka suke kira al'ada, ni ma na ji ta tun ina yaro, amma a bakin yara na ji ta, ban taɓa jin dattijon da ya san kiwo ya faɗe ta ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, a gidanmu na cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka, kakanka yana da tattabaru a tsofaffin tukwane da aka kafe a jikin katangar baya, kowace tukunya ta miji da mata. Wata rana wani farin namiji ya biyo namu. Na watsa gero, na lallaɓa na kama shi, na fige masa dogayen gashin fiffike ɗaya kamar yadda na ga ana yi, na ɓoye shi. Kakanka kuwa kullum kafin magariba sai ya ƙirga, kuma ya san kowace da kamanninta. Kwana biyu ya gano. Bai dake ni ba. Ya kama hannuna, tsuntsun na ɗaya hannun, muka bi gida gida har muka dace da mai shi, wani dattijo mai ɗinkin hula. Bawan Allah nan bai ce mini komai ba, sai ya jawo tsani ya sauko da tukunya ya nuna mana. 'Yan shila biyu ne a ciki, ba su fi kwana huɗu ba. Ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan yana numfashi da ƙyar. Uwar ita kaɗai ta kasa haɗa fita neman abinci da rufe su da ciyar da su. Uban da na dawo da shi ma ba zai iya tashi ya kai tukunyar ba, don gashin da aka fige sai ya yi wajen sati shida kafin ya dawo. Kakanka ya roƙi a ba shi ɗan shilan da ya rage, ya sa shi ƙarƙashin wasu namu da ke da ɗa guda sa'ansa, suka raine shi. Da ya yi gashi, ni aka aika na mayar da shi, haɗe da wata mace daga cikin waɗanda aka ce nawa ne. Har yau in na ga ɗan shila yana buɗe baki, wannan tukunyar nake tunawa.

Ka san dalili? Tattabara ba kaza ba ce. Ƙwai biyu take yi, kuma miji da mata ke karɓa-karɓa a kansu har kwana 18: namiji ya hau daga hantsi zuwa bayan la'asar, mace ta karɓa ta kwana har gari ya waye. In sun ƙyanƙyashe, kwanakin farko ba hatsi ake ba su ba. Wani abu ne mai kauri kamar kindirmo da uwa da uba duka suke fitarwa daga jakar nan ta ƙasan wuya inda abinci ke taruwa, su ɗura musu baki da baki. Sai sun kai wajen sati huɗu suke fara ci da kansu. To duk babbar tattabarar da ka riƙe, mai yiwuwa akwai ƙwai da ke yin sanyi a wani gida, ko bakuna biyu da ke jira. Zoben nan kuma shaida ne. Rufaffen zobe ana zura shi ne tun tsuntsu yana da kamar sati ɗaya, kafin yatsu su girma, bayan haka ba ya shiga. A da zare muke ɗaurawa ko mu shafa lalle a fiffike. Ko wanne ne, wani ya riƙe ta a tafin hannunsa tun ba ta da gashi.

Abin da na gada shi ne wannan. Baƙuwa in ta sauka, ka ware ta a kwando ko keji ita kaɗai, ka ba ta ruwa da hatsi ta huta, don sau da yawa gajiya ce ko korar shaho ta sauke ta. Ka faɗa a masallacin unguwa, ka faɗa wa yaran da ke kiwo, su sun fi kowa sanin tsuntsun kowa. Da safe, naka suna rufe, ka fita da ita bayan unguwa ka sake ta. Yawanci za ta yi zagaye biyu ko uku ta miƙe gida. Malamai ma hukuncin tsintuwa suka ba ta: in ka san mai ita ka mayar, in ba ka sani ba ka yi cigiya. Haka in ka sayar wa mutum babbar tattabara ta gudo ta dawo maka, kai za ka aika masa da ita, ko sau nawa ne. Wanda ya sayar da tsuntsu ɗaya sau biyu don ya san zai dawo, a unguwarmu ba a sake ciniki da shi.

Warewar nan har da kare naka. Ka haɗa ta da su kwana uku, wannan kuskure ne, kada ka sake. Tattabaru baki suke tsomawa su zuƙi ruwa, ba sa ɗaga kai kamar kaji, kuma a kwano ɗaya cuta take yawo. Buɗe bakinta ka duba, in ka ga wani abu rawaya manne a maƙogwaro, ciwo ne mai kashe 'yan shila. Akwai kuma wanda ke murɗe musu wuya su riƙa juyi, ɗan'uwan wanda ke share kaji lokacin hunturu, shi rigakafi yake so tun kafin ya zo. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ba nisa, ka je ka tambaya maimakon ka riƙa narka kafso a ruwa da ka. Kai kana ƙarami a 2006 lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Afirka, a nan jiharmu wajen Jaji, amma mu mun ga yadda aka yi asarar kaji. Tun daga lokacin ba na sa sabon tsuntsu cikin nawa sai ya yi sati biyu a ware.

Maganar mahaifiyarka kuwa, kada ka raina ta, tana da tushe. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani mutum yana bin tattabara, sai ya ce shaiɗan ne ke bin shaiɗaniya. A littattafan fikihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, an lissafa wasa da tattabara cikin abubuwan da ke zubar da mutunci har a ƙi karɓar shaidar mutum. Amma da ka zauna da malamai za su warware maka abin da ake nufi: mai caca da su, mai wuni a kan soro yana kaɗa tsumma har salla ta wuce shi, mai jifa da duwatsu suna faɗawa gidan maƙwabta, mai janye na mutane. Ka san yadda gidajen birni suke, katanga jikin katanga, mata suna tsakar gida. Shi ya sa a gidanmu ba wanda ke hawa soro sai an aika yaro ya shaida wa maƙwabta za a hau. Kiwo don nama, ko don ɗebe kewa, ko don aike, malamai ba su hana ba. Kakarka ba ta taɓa barin mai jego ko mai jinya a danginmu ba ta aika da farfesun 'yan shila ba, kashinsu kuma masu lambun albasa a bakin kogin Galma har nema suke. Batun cewa tattabara tana tare wa mai gida sammu, wannan ka bar shi, Allah ne mai tsarewa. Na cewa ba ta zama a gidan da ake faɗa, shi na ga alamarsa, don gidan da ake rigima ba mai tuna ya canza ruwa.

Aike kuwa aiki ne da sarakunan Musulmi suka riƙe da daraja. Nuruddin Zangi ya kafa gidajen tattabarun kai saƙo tsakanin garuruwan Sham a ƙarni na 12, sarakunan Masar na bayansa suka faɗaɗa. Turawa ma sun ci moriyarsu: da aka yi wa Paris, babban birnin Faransa, ƙawanya a 1870, tattabaru ne suka riƙa shigar da wasiƙu, a 1918 kuma wata ta kai saƙon sojojin Amurka da aka ritsa a Faransa, da harbi a jikinta, aka ceto kusan mutum 200. Waɗanda kake gani a waya jikokin irin da aka tace a Beljiyam ne, inda a 2020 aka sayar da mace ɗaya a kan Yuro miliyan 1.6. Namu na gida ba su kai su ƙirji da nisan zango ba, kada ka ɗora musu abin da ba za su iya ba.

Amma duk asirin ɗaya ne, nasu da namu. Tattabara ba a aikenta ta je wani wuri, gida kawai take komawa. Masu bincike sun ce tana amfani da rana, da maganaɗisun ƙasa, da ƙamshin iska, da alamomi irin su hanya da kogi da dutse. Wannan yadda take gane hanya ke nan. Abin da ke sa ta so dawowa kuwa, shi ne mijinta ko matarsa, da ƙwanta, da ɗakin da ɓera da muzuru ba sa shiga, da ruwa mai tsabta, da hannun da ta sani. Gwanintar mai kiwo a nan take. Wanda ya fige fiffike bai sa tsuntsu ya so gidansa ba, ranar da gashi ya fito zai tafi.

Don haka ka fara da 'yan shila masu sati huɗu zuwa biyar da ba su taɓa tashi a wani gida ba. Su fara sanin rufin ɗakinka da abin da ke kewaye. Ka riƙa sakinsu kafin su ci, ba bayan sun ƙoshi ba, kuma duk sanda za ka zuba hatsi ka kaɗa gwangwani ɗaya da sauti ɗaya, har su haɗa ƙarar da abinci. Dawa da gero da ɗan wake ko waken suya sun isa, gyaɗa kaɗan, da tsakuwa ƙanana da dakakken ɓawon ƙwai a gefe. In sun yi makonni suna shawagi tare har suna ɓace maka da gani su dawo, sai ka sa su a kwando ka kai su gindin dutsen Kufena ka saki. Bayan nan ka riƙe hanya ɗaya: Samaru sau uku ko huɗu, sai Shika, sai Giwa. Funtuwa sai waɗanda suka nuna kansu. Da safe bayan rana ta fito ake saki, ba cikin hazo mai kauri ba, ba kuma hadari na haɗuwa ba. Ka tsaya ka duba sama tukuna, in shaho na yawo ka jira ya wuce. Za ka rasa wasu, kowa ya rasa, abin da ciwo. Ranar da taka ta sauka a gidan wani, za ka so a ce ya san abin da na rubuta maka yau.

Gobe da safe ka saki baƙuwar nan. In ta ƙi tafiya ta dawo, sa ta a kwando ka zo da ita Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu sayar da tsuntsaye a duba zoben. Ina da 'yan shila biyu da za su isa rabuwa da iyaye a satin nan, ka zo da kwando na biyu. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce zan shigo in yi mata bayani da kaina, kai kuma kada ka sake hawa soro ba ka sanar da maƙwabta ba.

Baffanka.