Filina ne, da takarda: sai na nemi izini kafin in haƙa foraj in sayar da ruwa?

Tambaya: Malam lauya, ni ɗan kasuwa ne a Damagaram. Ina da fili a bayan gari, takardarsa tana hannuna. Ina son in haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, in kafa injin ruwan leda. Mai haƙar ya ce tunda filina ne ba ruwan kowa, in biya kawai a fara. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a niyya, amma kar ka ba shi ko dala tukuna. Takardar da ke hannunka ta fili ce, ba ta kai ga ruwan da ke ƙarƙashinsa ba. Dokar ruwa ta Nijar, wato doka mai lamba 2010-09 ta 1 ga Afrilu 2010, ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar al'umma da ke hannun ƙasa. Ta sassauta wa mai ɗiba don sha, girki da wanki na gida. Wanda zai ɗiba ya sayar kuwa, aikinsa yana faɗawa ɗaya daga cikin matakai uku: sanarwa, neman izini, ko yarjejeniya da gwamnati, gwargwadon girman aikin da yawan ruwan da zai ja. Ofishin ma'aikatar ruwa na jihar Damagaram ne zai gaya maka matakinka. Ka kai buƙatarka a rubuce, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Na sha ganin wanda aka ce wa "je ka fara" da baki, ranar da aka zo rufe wurin ya rasa abin nunawa.

Sai ɓangaren muhalli. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta ce a tantance illar aiki kafin a soma shi, kuma BNEE, hukumar ƙasa mai tantance illar ayyuka ga muhalli, ita ce ke rarraba ayyuka bisa irin binciken da kowanne ke buƙata. Ƙaramin kamfani irin naka ba lallai a nemi babban bincike irin na matatar mai ba, amma su ne za su faɗi haka, ba kai ba.

Inda na fi so ka tsaya shi ne ingancin ruwan. Ruwa yana iya fitowa garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da cuta. Ka tuna Tibiri ta jihar Maraɗi: foraj aka haƙa a shekarun 1980, mutane suka yi murna, sai daga baya aka ga ɗaruruwan yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe. Sinadarin fuluwo ne ya yi yawa a ruwan. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kar ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ga kuma sinadarin nitarat, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma shi ne ke tona asirin foraj da ke maƙwabtaka da salga ko garken dabbobi. Jarirai ya fi yi wa illa. Tafasa ruwa ba ta cire ko ɗaya daga cikin biyun. Don haka a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji da hukuma ta yarda da shi, a auna sinadarai a kuma auna ƙwayoyin cuta, tun kafin ka sayi inji. Sakamakon ne zai nuna irin matatar da za ka saya. Kuma gwaji ɗaya ba ya wadatarwa: ruwan rani daban, na bayan damina daban. In wani ya sha ya kwanta, kai mai sayarwa za a kira kotu, kuma waɗannan takardun ne garkuwarka.

Mai haƙar kuma, ku yi yarjejeniya a rubuce. Kowa ya san garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfo daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram ake jawo shi. Rami ya fito a bushe ba baƙon abu ba ne a nan. To wa zai ɗauki asarar? A rubuta. A rubuta zurfin da aka yi alkawari, da gwajin ƙarfin ruwa na sa'o'i, da liƙe bakin ramin da siminti don kar ruwan sama ya gangara da ƙazanta ciki.

Abu biyu da ake mantawa. Injin tacewa yana zubar da ruwa mai yawa, kuma sakinsa a lungu ko a tafkin unguwa shi ke fara kawo ƙarar maƙwabta. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998 ta ɗora kuɗin gyara a kan wanda ya ɓata. Ita ma ledar, doka mai lamba 2014-63 ta hana wasu nau'o'in leda marasa ruɓewa, sai ka tambayi ma'aikatar muhalli ko wadda za ka yi oda ta halatta.

Jami'an tsafta za su zo duba ɗakin aiki da lafiyar ma'aikatanka, lamiri kuma, wato ma'aikatar magajin gari, tana da nata takardun. Ka fara da ofishin ruwa ranar Litinin, da takardar filin a hannu da zanen inda salgar maƙwabta take.